Daidai Fili, Daidai 'Yan Wasa

Kalmar zari-ruga tana daga cikin kalmomin da Hausa ta ƙera da kayan gida, ba ta je aro ba. Aikatau biyu aka haɗa, a zara sannan a ruga, kamar yadda aka sami faɗi-tashi da kai-komo. Duk wanda ya taɓa ganin wasan, ko da a talabijin ne, ya san sunan ya dace da mai shi: mutum ya zari ƙwallo mai siffar ƙwai, ya rungume shi, ya ruga, wasu su bi shi da niyyar kayarwa. Sai dai sunan yana da aibu guda. Masu labarin wasanni sukan kira wasanni biyu da shi, wato wanda ya samo asali a makarantar garin Rugby ta Ingila, da ɗansa da ya girma a Amurka, wanda ake sa wa hular kwano da sulken kafaɗa. Mai sauraro sai ya ɗauka abu ɗaya ne, kuma filin wannan zai ɗauki wancan. Alhali tsakanin filayen biyu akwai bambancin faɗi na kimanin mita 20, abin da ya isa ya sauya wa wasa kamanni gaba ɗaya.

Ga awon kamar yadda yake a rubuce. Doka ta farko cikin dokokin World Rugby, hukumar da ke kula da wasan 'yan goma sha biyar-biyar a duniya, ta ce tsawon fili daga layin ci zuwa layin ci ya kasance tsakanin mita 94 da mita 100, faɗinsa kuma tsakanin mita 68 da mita 70. A bayan kowane layin ci akwai farfajiyar da ake dangwala ƙwallo a sami maki, mai zurfin mita 6 zuwa 22. Filin ƙwallon Amurka kuwa da yadi ake auna shi: yadi 100 tsakanin layukan ci, wato mita 91.4, da farfajiya mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Faɗinsa ƙafa 160 ne, wato yadi 53 da sulusi, ko mita 48.8. Ta fuskar tsawo ke nan giɓin bai kai mita 3 ba, ana iya kau da kai a kansa. Ta fuskar faɗi kuwa, filin Amurka ya gaza mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi da fiye da mita 19. Wannan ya sa ƙungiyoyin zari-ruga na makarantu da na unguwanni a Amurka, waɗanda galibi aron fili suke yi, suka daɗe suna fama da tambaya ɗaya: ina ne iyakar ƙuncin da za a iya jurewa?

Bawku ba garin ƙwallon Amurka ba ne. Gari ne na kasuwa a kusurwar arewa maso gabashin Gana, dab da iyakokin Burkina Faso da Togo, inda Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Hausawa ke haɗuwa duk bayan kwana uku su yi cinikin albasa da gero da dabbobi, Hausa kuma ita ce harshen da ke kai-komo a tsakanin rumfuna. Ƙwallon ƙafa shi ne wasan gari, kamar sauran ƙasar. Duk da haka tambayar Amurkawan nan ta iso garin da ƙafarta, ta hannun wani malamin motsa jiki na wata makarantar sakandare. Ya koyi zari-ruga ne a kudu, lokacin da yake karatun koyarwa a Wineba, ya dawo gida da ƙwallo biyu da usur da ɗan littafin dokoki. Filin da ya tarar a makarantar a dā yalwatacce ne, amma ɗalibai sun yi yawa, an gina sabon jerin azuzuwa a gefe guda, ginin ya cinye wani yanki na filin. A ɗaya gefen kuma akwai magudanar ruwa ta siminti wadda ba ta gusawa.

Da farko da taku ya auna, sannan ya sami igiya ya ƙulla ta a kowace mita biyar ya sake aunawa. Tsakanin bangon azuzuwa da bakin magudana ya sami mita 59. Dokar nan ta farko ta kuma buƙaci a bar sarari a kewayen fili, wanda bai gaza mita 5 ba inda hali ya yi, domin wanda aka ingiza waje yana cikin gudu ya sami wurin faɗuwa. Da ya cire biyar nan, biyar can, sai ya rage masa mita 49. Ba tare da ya taɓa taka Amurka ba, ya wayi gari da filin Amurka a hannunsa, ga kuma yara talatin suna jiran a busa usur.

Kafin mita da yadi su zo, jikin mutum ne ma'aunin Bahaushe. Akwai ɗani, tsakanin babban yatsa da manuni. Akwai taƙi, tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, sai gaba, wato daga kan yatsun hannun dama zuwa na hagu idan mutum ya ware hannuwansa iyakar warewa. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina, su ratsa Yendi su sauka Salaga neman goro, da kamu suke auna zane, da gaba suke auna igiya. Waɗannan kalmomi sun ja baya a kasuwa, amma a filin zari-ruga gaba ta fi mita bayyana gaskiyar lamari, domin mai tsaro da hannuwansa yake tare hanya.

A lissafa a gani. Gabar babban mutum takan kai kimanin mita 1.8. Idan mutum goma sha biyar suka jeru daga gefe zuwa gefe, kowa ya ware hannuwansa, sun toshe mita 27. A fili mai faɗin mita 70 saura mita 43 na kafofin da mai gudu zai iya bi. A fili mai mita 49 saura mita 22 kacal. Faɗin bai ragu da ko sulusi ba, amma kafofin sun ragu da kusan rabi. Gaskiya ne a cikin wasa ba duka sha biyar ke tsayawa a sahu ɗaya ba, wasu suna baya suna jiran ƙwallon da za a buga sama, wasu suna cikin cunkoson ƙwace, amma ma'anar lissafin tana nan: jikin ɗan wasa ba ya ƙanƙancewa don fili ya ƙanƙance, sararin da ke tsakanin jikkuna ne ke tafiya.

Dalilin da ya sa wannan ya fi damun zari-ruga a kan sauran wasanni yana cikin babbar dokarsa. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Saboda haka ƙungiyar da ke kai hari ba ta da hanyar tsallake sahun masu tsaro da jifa. Dabararta ita ce ta tara su a wuri ɗaya da karo da turereniya, sannan ta miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu da sauri har ya kai ga ɗan gefe, wanda yawanci shi ne mafi gudu kuma ba shi ne mafi ƙarfi ba, kafin masu tsaro su bazu su cim masa. Idan faɗi ya yi kaɗan, masu tsaro ba sa buƙatar bazuwa, suna nan ko'ina. Ƙwallo ya je gefe ya tarar da mutum, ya dawo tsakiya ya tarar da mutum. Abin da ya rage shi ne a sunkuyar da kai a yi karo, a tashi a sake karo. Ƙato ya ci kasuwarsa, siriri mai gudu ya zama ɗan kallo a cikin fili, kuma yawan karo shi ne yawan buguwar kai da gocewar kafaɗa.

Hatta layukan cikin fili suna ba da shaida. A kowane gefe akwai layi biyu masu bin tsawon fili, ɗaya a mita 5 daga layin gefe, ɗaya a mita 15. Idan ƙwallo ya fita, tsakanin waɗannan biyun 'yan gaba suke jeruwa a jefo musu shi. A cikakken fili, bayan an cire sha biyar nan da sha biyar can, tsakiya tana da mita 40, wadda 'yan baya ke shimfiɗa dabarunsu a cikinta. A filin mita 49, tsakiyar mita 19 ce kacal. Wanda ya ja layukan kamar yadda littafi ya ce a irin wannan fili zai ga da idonsa cewa rigar ba ta mai ita ba ce.

Tarihin wasan Amurka kansa ya nuna abin da ƙuncin fili ke haifarwa. A 1874 ɗaliban jami'ar Harvard suka kara da na jami'ar McGill ta Kanada, suka ɗanɗana dokokin zari-ruga, suka ji daɗinsu. A 1876 wasu manyan jami'o'in gabashin Amurka suka amince su riƙa wasa a kan waɗannan dokoki da 'yan gyare-gyare. A 1880, bisa shawarar Walter Camp na jami'ar Yale, aka rage 'yan wasa daga sha biyar zuwa sha ɗaya, kuma a farkon shekarun nan ne faɗin fili ya tsaya a ƙafa 160. Abin lura a nan shi ne an yanka filin ne daidai mutum sha ɗaya. A raba mita 48.8 gida sha ɗaya, kowa ya sami kimanin mita 4.4. A raba mita 70 gida sha biyar, kowa ya sami kimanin mita 4.7. Rabon ya yi kusa da juna. Amma a zuba mutum sha biyar a filin Amurka, rabon kowa ya faɗo zuwa mita 3.3.

Ko da sha ɗayan ma, wasan ya rikiɗe ya zama na cunkoso da karo, har a kakar 1905 jaridu suka ƙirga kusan mutum 20 da suka mutu a dalilinsa. A watan Oktoba na shekarar shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya nemi a gyara. Cikin shawarwarin da aka kawo har da ta ƙara wa fili faɗi da ƙafa 40, kimanin mita 12, domin wasa ya buɗe. Amma Harvard ta riga ta gina katafaren filin wasa na kankare a 1903, kuma kujerunsa ba za su matsa ba. Shawarar ta faɗi. A maimakonta, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba. Da aka rasa sarari a gefe, sai aka nemo shi a tsawo, kuma daga nan wasan ya rabu da mahaifinsa rabuwa ta har abada. A wannan shekarar ce jami'o'in Stanford da Kalifoniya suka bar wasan Amurka na wasu shekaru suka koma zari-ruga na asali, kuma daga wannan yanki ne aka sami yawancin 'yan wasan da suka ciyo wa Amurka zinare a gasar Olamfik ta 1920 da ta 1924. Bangon kankare ne ya yanke hukunci a Harvard, kamar yadda bangon azuzuwa ya yanke a Bawku.

Malamin nan bai da ikon ƙirƙiro sabon wasa, kuma ba ya son yi. Matsalarsa ta taso ne da ranar raba kyaututtuka ta gabato, shugaban makaranta ya so a nuna wa iyaye sabon wasan da cikarsa, yara talatin a fili lokaci ɗaya. Dattijo ne mai son ɗalibansa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Garin ya sha fama da rikicin sarauta da dokar hana fitar dare, filin makaranta kuwa yana cikin wurare ƙalilan da yaran unguwanni dabam-dabam ke cuɗanya ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. A ganinsa, a ce wa yaro ya koma gefe ya zauna ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ce, “Malam, ka ce mita 59 ne daga bango zuwa magudana. Ja layinka a bakin bango mana, ka ga ka kusa sittin. Da babu gara ba daɗi.”

Malamin ya ce, “Ranka ya daɗe, mita goman nan da na bari ba nawa ba ne, na wanda za a ture ne. Yaro yana gudu iyakar ƙarfinsa, wani ya zo ta gefe ya kwashe shi, ba a kan layi zai tsaya ba. In layin yana bakin bango, bango ne zai tsayar da shi.”

“To, bar layin inda yake, ka zuba su duka. Ai yara ne, ba su da jiki.”

“Ranka ya daɗe, akwai masu shekara sha takwas a cikinsu, sun fi ni tsawo. In na zuba talatin a nan, iyaye ba wasa za su gani ba, dambe za su gani. Kuma ni zan kai wanda ya karye gidansu.”

Shugaban ya yi shiru, sannan ya tambaya mutum nawa filin zai ɗauka. Malamin ya ce goma-goma. Ya ce sauran goman fa? Malamin ya ce a raba yaran ƙungiya uku, biyu su kara na minti goma, wadda aka ci ta fita ta huta, ta ukun ta shigo. A haka kowa zai buga, kuma kowa zai taɓa ƙwallo fiye da yadda zai taɓa a cikin talatin. Shugaban ya ce a gwada.

Goma-goman nan ba ƙirƙirar malamin ba ce. Zari-ruga yana da nau'in 'yan goma, biyar a gaba biyar a baya, kamar yadda yake da na 'yan bakwai, wanda aka fara a garin Melrose na Sikotlan a 1883, ya kuma shiga gasar Olamfik a Rio a 2016. Na 'yan bakwai a cikakken fili ake buga shi, kowa yana da mita 10 na faɗi, shi ya sa ya zama wasan gudu tsantsa, minti bakwai-bakwai. Rage mutane daidai da fili kuwa tsohuwar hanya ce wajen masu koyar da yara. A tsarin hukumar zari-ruga ta Ingila, 'yan ƙasa da shekara 9 suna buga bakwai-bakwai a fili mai faɗin da bai wuce mita 30 ba, 'yan ƙasa da 10 takwas-takwas a mita 35, 'yan ƙasa da 13 sha uku-uku a mita 60, ba a kai ga sha biyar-biyar a cikakken fili sai a ajin 'yan ƙasa da 14. Wanda ya raba waɗannan alƙaluma zai ga rabon kowane yaro yana yawo ne a kusa da mita huɗu da rabi. Daidai ruwa daidai tsaki. Mita 49 a raba goma, kowa ya sami 4.9. A raba sha ɗaya ma an tsira, amma daga sha biyu an fara shiga ƙunci.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa. Zai ce a Amurka an sha buga sha biyar-biyar a filayen da ba su kai mita 68 ba, aka tashi lafiya, kuma doka da kanta ta bar ƙofa, tunda ta ce ana iya saɓa wa awon idan hukumar ƙasa ta amince a wasannin cikin gida, ko World Rugby a wasannin ƙasa da ƙasa. Zai ƙara da cewa in an ce sai cikakken fili, wasan ba zai taɓa fita daga hannun masu hali ba. Duk wannan gaskiya ne. Fili mai mita 64, wanda shi ne mafi ƙarancin faɗin da ake yarda da shi a wasan ƙwallon ƙafa na ƙasa da ƙasa, zai ɗauki sha biyar-biyar ba tare da wasan ya sauya fuska sosai ba. Mai mita 60 ma, kusan faɗin filin ƙwallon Kanada mai yadi 65, za a iya lallaɓawa, rabon kowa mita 4, wasan ya yi nauyi amma ɗan gefe bai mutu ba. Daga nan zuwa ƙasa, kowace mita huɗu ko biyar da aka rasa tana neman a cire mutum ɗaya daga kowace ƙungiya. Wannan ba ya cikin littafin doka, lissafin hankali ne, kuma alƙalin wasa da masu horarwa su ne za su auna shi a kan shekarun 'yan wasa da ƙarfinsu. Abin da ke cikin littafin shi ne cewa alƙali ba zai fara wasa ba matuƙar yana ganin wani sashe na filin yana da haɗari. A kan faɗi ana iya ciniki, a rage mutane a daidaita. A kan sararin gefe kuwa babu ragi, domin bango da siminti ba su san wasan sada zumunci ba.

Saboda haka abin da ya kamata mai aron fili ya auna shi ne tazarar da ke tsakanin abu mai tauri na dama da abu mai tauri na hagu, fentin da ya tarar a ƙasa ba shi ne abin dubawa ba. Layukan Amurka ana iya share su a ja wasu idan ciyawar ta wuce su. Haka aka yi a filin Soldier Field na Shikago, gidan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta birnin, inda a ranar 5 ga Nuwamba 2016 Ayalan ta doke Niyu Zilan da maki 40 da 29, nasararta ta farko a kansu cikin shekara 111. Inda kujeru ko hanyar tsere suka matse ciyawar, nan ne wahala take. Akwai kuma batun turakun ci. Faɗin tsakaninsu a manyan wasannin Amurka ya yi kusan daidai da na zari-ruga, mita 5.6, sandar gicciye kuma tana kusan mita 3 daga ƙasa a duka biyun, amma na Amurka a ƙarshen farfajiya suke, na zari-ruga kuwa a kan layin ci. Tun a 2022 aka ba Amurka ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, ta maza a 2031, ta mata a 2033, kuma duk filin da za a zaɓa sai an fara amsa wannan tambaya ta faɗi a kansa.

Ɗalibin Hausa ya san kalmomi uku da boko ke rubutawa iri ɗaya: faɗi na fili, da faɗi na wanda ya sha ƙasa, da faɗi na magana. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su. A Bawku na farko da na biyu ba sa rabuwa, domin ƙasar da za a faɗi a kanta ita ma sai an auna ta. Damina ɗaya ce a yankin, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Daga nan hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, awaki su ƙarasa ta, ƙasa ta yi tauri, tsakuwa ta fito fili. Kayen da yaro zai tashi ya kakkaɓe a Agusta, a Fabrairu fatar gwiwa zai bari a wurin, in an yi sa'a ke nan. Don haka malamin ya raba shekararsa biyu. Da rani babu kayarwa: kowane yaro ya soke ƙyalle biyu a ƙugu, wanda aka zare wa ƙyalle ya tsaya ya miƙa ƙwallo, kamar dai an kayar da shi. Wannan ma sanannen nau'i ne da ake koya wa masu farawa, kuma shi ya buɗe wa 'yan mata ƙofar shiga. Sai ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi sannan ake koyon kamu da kaye, kai a gefen cinya, hannuwa a naɗe, ba a kama sama da ƙirji.

Wasan yana da gida a Gana, sai dai gidan yana da nisa. Ƙasar ta zama cikakkiyar mamba a World Rugby a 2017, a zamanin shugabancin Herbert Mensah, wanda a dā ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko, aka kuma zaɓe shi shugaban hukumar zari-ruga ta Afirka a 2023. An gina filin zari-ruga na musamman a Jami'ar Gana da ke Legon, inda aka buga gasar 'yan bakwai a wasannin Afirka na watan Maris 2024. Daga Bawku zuwa can fiye da kilomita 800 ne. Mafi kusa cikin manyan filaye shi ne na Aliu Mahama a Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. Awon da aka saba yi wa filayen manyan gasannin ƙwallon ƙafa, mita 105 da mita 68, ya zo daidai da mafi ƙarancin faɗin zari-ruga, kuma wannan sa'a ce ga duk ƙasar da ƙwallon ƙafa ya riga ya kafu a cikinta, sa'ar da Amurka ba ta samu ba. Amma yaron Bawku ko na Yendi ko na Salaga ba a irin wannan fili zai fara ba. A filin makarantarsu zai fara, wanda azuzuwa suka ci gefensa, shagunan haya suka ci ƙarshensa, hanya ta ratsa kusurwarsa. Idan ranarsa ta farko ta kasance ranar karo da ƙato a cikin cunkoso, ba zai dawo ta biyu ba, uwarsa ma ba za ta bari ba.

Ranar raba kyaututtuka an buga goma-goma, ƙungiya uku, da ƙyallaye a ƙugu, domin watan rani ne. Malamin ya bar layin mita 5 a wurinsa, ya matso da na sha biyar zuwa goma, tunda masu jeruwa a jifan gefe ba su da yawa. Da toka ake jan layukan, wadda yara ke tarowa daga murhun ɗakin girkin makaranta, kuma iskar hunturu takan share su cikin kwana biyu. Saboda haka aka ɗora wa ƙungiyar da ke jiran layinta aikin igiya: kafin a fara kowane wasa su auna mita biyar daga bango, mita biyar daga magudana, su zuba toka. Yanzu ko malamin bai iso ba, babu mai taɓa ƙwallo sai an gama wannan awo.